Allo, Zaure da Aji: Hawan da Muka Tsallake



Duk shekara idan sakamakon BEPC da BAC ya fito, mukan ji iyaye a Djidjolé suna tambaya: yaron da ya sauke Alƙur'ani, me ya kayar da shi? Amsar tana cikin tarihinmu.

Kakanninmu fatake sun zo ƙasar nan da karatu hawa biyu. Na farko makarantar allo: kunne ya ji, hannu ya rubuta, baki ya maimaita, ba a wanke allo sai yaro ya biya. Na biyu karatun zaure, inda ake ɗaukar Ahalari, Ishmawi da Risala: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, a yi tambaya har ma'ana ta zauna.

Wannan hawa na biyu shi ya haifi irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano, limamin Kete-Krachi, garin da ke cikin Togo a zamanin Jamus. Ya rubuta tarihin ƙasar Hausa da ajami, har Bajamushe Adam Mischlich ya zauna yana ɗauka daga gare shi. Ya rasu a 1934.

Da mulki ya koma hannun Faransa, boko ya zo da harshen da ba a ji a gida. Gyaran ilimi na 1975 ya ɗaga Ewe da Kabiye, Hausa ba ta shiga aji ba. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome, aka kwashe jama'a zuwa Togblékopé, maƙwabta suka rabu. Allo ya tsira, zaure ya yi rauni.

Shi ya sa ɗanmu yake shiga sakandare da kaifin hadda, ya haddace darasin Faransanci kamar sura. A ƙananan azuzuwa hakan yakan fisshe shi. Ranar da aka ce ya warware lissafi ko ya kafa hujja a falsafa, sai alƙalami ya tsaya. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, mai fassara ya rasa.

Don haka mu dawo da zaure. Bayan Isha'i, yaro ya rufe littafi ya bayyana darasin yau da Hausa, yayye su yi masa tambaya. Abin da ya kasa faɗa da harshen uwarsa, da sauransa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani. Amin.