Ángela Gurría, masassaƙiyar da ta ari sunan namiji

Cikin tarihin Ángela Gurría, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunanta da ta ɓoye. An haife ta a birnin Meksiko a 1929. Ta koyi sassaƙa wajen Germán Cueto, ta saba da dutse da ƙarfe a zamanin da ake ɗaukar wannan sana'a ta maza ce. Gudun kada a ture aikinta tun kafin a duba shi, sai ta riƙa sa hannu da sunan namiji, Alberto Urría.

A 1968, albarkacin wasannin Olamfik na Meksiko, ta kafa "Señales", wasu ƙahoni biyu, fari da baƙi, masu tsawon mita 18. Wannan karon da sunanta na gaskiya. A farkon shekarun 1970 ta zama mace ta farko cikin majalisar masu fasaha ta ƙasar, a 2013 kuma aka ba ta lambar yabo ta ƙasa. Ta rasu a 2023.

Ni dai har yanzu ina tambayar kaina: mata nawa ne sunan aron ya bi su har kabari?