Ƙarfi, makamashi da mutumin Tasawa

Shekarar da aka fara koya mana fizik, mushe ya rubuta kalmomi biyu a allo, force da énergie, ya ce a hardace. Na hardace, na ci jarrabawa. Da na koma Gamu hutu, kakata ta tambaye ni me aka koya mana, na ce mata ƙarfi da... ƙarfi. Ta ce, "Yo ɗan nan, duk watannin nan abin da kuka karanto ke nan?"

Na daɗe ina ɗora wa Hausa laifin wannan kunya, sai da na shiga jami'a na bi tarihin kalmomin.

Bambancin nasu a bakin rijiya ake ganinsa. Force shi ne ja ko turawa, abin da hannunka ke yi wa igiya don guga ya taso. Énergie kuwa abin da ka kashe ne kafin gugan ya iso baki. In zurfin rijiya ya ninka, abin da za ka kashe ya ninka, alhali nauyin gugan bai canza ba. Duk yaron da ya taɓa shayar da dabbobi ya san wannan a kafaɗunsa.

To ashe Turawan ma sun sha wannan ruɗani. Newton ya fitar da dokokin motsi a 1687. Shi kuwa Leibniz, abin da jiki mai gudu ke ɗauke da shi "rayayyen ƙarfi" ya kira shi da Latin. A 1807 Thomas Young ya aro kalmar Girkanci don wannan ma'ana, amma ba ta kama nan take ba. Har a 1847, da Helmholtz ya rubuta shahararriyar maƙalarsa kan cewa wannan abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama, kalmar Jamusanci mai nufin ƙarfi ya yi aiki da ita. Kuskurena na gaban kaka ke nan, shekara 160 bayan Newton! Sai bayan 1850 aka raba wa kalmomin biyu gida.

Mu kuma rediyo ta ba mu makamashi. Asalinta itace da kara da duk abin da wuta ke kamawa. Ta dace da gawayi da fetur da lantarki, amma ka ce dutsen da ke gangarowa daga tudu yana da makamashi, ka ga kallon da za a yi maka. Wasu sun fi son kuzari, ita kuma ta mai rai ce. Ni dai ina bayan makamashi. Ta Girkancin ma ai jan ta aka yi har ta rufe abin da ba nata ba.

Wanda ya fi cancanta ya raba mana gardamar nan ɗan ƙasarmu ne. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa, a 1956 ya ci agrégation ta fizik, jarrabawar da ba ɗan Afirka baƙar fata daga ƙasashen renon Faransa da ya riga shi ci. Ya yi aiki a Gini da Tarayyar Sobiyet da Mali. A 1969 ya dawo Yamai ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da murhun rana. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Kowa ya san sunan, amma ƙalilan cikinmu suka buɗe littafinsa na 1964, L'éducation en Afrique. A ciki mutumin da ya ƙure Faransanci har ya ci jarrabawar masu harshen yake cewa a koyar da yaran Afirka da harsunansu. An buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, ni kuwa da na zo shekaru da yawa bayan haka, da Faransanci na hardace fizik ɗina.

Ba gardamar ƴan nazarin harshe kawai ba ce. A ƙasar Gure, inda aka sare itace iska na kwaso rairayi ta tura shi cikin kwaruruka, kan dabino da goriba. Matar da ke tafiya mai nisa neman itace ita ta fi kowa buƙatar a faɗa mata, da bakin da take ji, cewa itacen nan hasken rana ne da bishiya ta tara shekara da shekaru, kuma ana iya kama hasken kai tsaye.

Hutun da ya wuce na gwada. Na ce wa kakata murhun rana kamar babbar tasa ce mai ƙyalli, tana tattara hasken wuri guda a gindin tukunya, haske ya koma zafi, ruwa ya tafasa ba ko kara ɗaya. Ta gane tsaf, ban sa Faransanci ko ɗaya ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To tuwon dare fa?"