Sannu da Zuwa, Tsohon Hannu: Ƙarfe da Dutse a Kwarin Yosemiti

Da la'asar ɗin wata Asabar a watan Oktoba muna zaune a filin ciyawar da ke fuskantar El Capitan, kowa ya ɗaga kai yana laluben mutanen da suka manne a jikin dutsen kamar tururuwa, sai ga wani dattijo yana dogara sanda. Gemunsa fari fat, yatsunsa sun karkace, bayan hannunsa duk tabo. Ɗaya daga cikin abokan hawanmu ta gane shi, ta miƙe tsaye, ta ce mana wannan mutumin ya kwana a jikin bangon nan tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Na tashi na ba shi kujerata na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Bakina bai iya kiran sunansa kai tsaye yadda ake yi a Amurka ba. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa, ya yi murmushi ya zauna.

Da hira ta yi nisa sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata ƙusa mai faɗi, mai ido a kai inda ake saƙala ƙugiya, ya miƙo mini. Ni jikan maƙera ne. Cikin ƙarar guduma da hucin zugazugi na tashi, kafin karatu da aiki su kawo ni Kalifoniya. Ina juya ƙarfen nan na ga sawun guduma a jikinsa, na san hannu ne ya yi shi. A nan na gane cewa tarihin hawan manyan bangaye, wanda na ɗauka labarin ƙarfin zuciya ne kaɗai, ashe rabinsa labarin ƙira ne.

Wanda bai taɓa ganin El Capitan ba, ya ƙaddara farin dutse mai tauri, a tsaye kyam kamar an sare shi da wuƙa, tsayinsa wajen mita 900 daga gindi zuwa kai. Ba a hawan fuskarsa da tafiyar ƙafa. Ana bin tsagogin da ke jikinsa ne, igiya bayan igiya. Na gaba yana hawa yana kafa abin da zai riƙe shi in ya faɗo, na baya yana biyowa yana cirewa, sannan a jawo jakar ruwa da abinci, wadda saboda nauyinta mahaya ke kira alade. In dare ya yi, a kwana a ɗan tudun da ya samu, ko a rataye.

Baba ya ce in ana son a fara labarin daga tushe, to a fara da John Salathé, maƙeri haifaffen Suwizalan, wanda bai soma hawa ba sai da ya haura shekara 40. Ƙusoshin da ake kawowa daga Turai a lokacin na ƙarfe mai laushi ne. Da an buga su a tsagar dutsen Yosemiti sai su lanƙwashe, ba su sake moruwa. Mutum kuwa ba zai iya ɗaukar ɗaruruwan ƙusoshi a kafaɗa ba. Salathé ya koma maƙerarsa ya ƙera nasa da ƙarfe mai tauri, wanda mahaya har gobe ke cewa daga sandar da ke riƙe tayoyin tsohuwar motar Ford ya yanko shi. Ƙusarsa ana buga ta, a cire, a sake bugawa a gaba sau da yawa. Da ita ya hau dutsen Lost Arrow a 1947 tare da Anton Nelson cikin kwana 5, ya kuma hau fuskar arewa ta dutsen Sentinel a 1950 tare da Allen Steck. Ƙusa ɗaya mai jure duka ita ta buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya.

A watan Yuni na 1957, Royal Robbins da Jerry Gallwas da Mike Sherrick suka hau fuskar dutsen Half Dome cikin kwana 5. Warren Harding, wanda shi ma ya sa wa wannan bango ido, ya ga an riga shi, sai ya juya ga wanda ya fi girma. A watan Yuli na shekarar ya fara kai hari ga ɓangaren El Capitan da ake kira Hanci, tare da Mark Powell da Bill Feuerer. Sukan hau su kafa igiya, su sauko su huta, su koma ta kan igiyar su ƙara gaba. Da suka iske tsagogi masu faɗin da babu ƙusar da za ta cika su, sai suka yi amfani da ƙafafun tsohon murhun ƙarfe da Frank Tarver ya sarrafa. Har yau sunan wannan sashe Ƙafafun Murhu. 'Yan kallo sun yi ta tare hanya da motoci, har jami'an gandun Yosemiti suka hana aikin a lokacin cikowar baƙi. Sai ranar 12 ga Nuwamba 1958 Harding da Wayne Merry da George Whitmore suka kai ƙoli, bayan kwana 47 na aiki a warwatse cikin fiye da shekara guda. A daren ƙarshe Harding bai runtsa ba. Da hannu ya yi ta huda dutsen da ya rankwafo a kansa, ya kafa ƙusa 28, ya fito da asuba.

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙusa iri biyu ce. Akwai ta tsaga, wadda ke shiga inda Allah ya riga ya buɗe dutse. Akwai kuma ta huji, wadda sai mutum ya huda dutse lafiyayye kafin ya kafa ta. Da ta huji babu inda ba za a hau ba, in dai akwai haƙuri. Harding ya kafa kusan 125 a Hanci. Robbins kuwa yana ganin in dutse bai ba da hanya ba, mutum ya haƙura ya nemi wata. A 1960 shi da Chuck Pratt da Tom Frost da Joe Fitschen suka maimaita Hanci cikin kwana 7, ba tare da sun sauko ko sau ɗaya ba. A 1961 Robbins da Pratt da Frost suka buɗe sabuwar hanya a El Capitan da ƙusar huji 13 kacal, suka raɗa mata sunan Salathé don girmama tsohon maƙerin.

Baba ya iso kwarin yana saurayi a ƙarshen wannan zamani. A Zango na Huɗu ya sauka, inda mahaya ke kafa tantuna a ƙarƙashin itatuwa, suna zaman wata da watanni da kuɗi kaɗan. Babu makaranta, babu littafin koyo da ya wadatar. A gefen wuta ake karatu. Wanda ya sauko daga bango zai zana hanya a 'yar takarda, a kwafa, ta wuce hannu zuwa hannu. A nan ya koyi sauraron ƙusa: in ana buga ta muryarta tana ƙara siranta tana ɗagawa, ta kama; in ta yi ƙarar bosho, kada ka ɗora mata ranka. Da ya faɗi haka sai jikina ya yi sanyi, domin kakana ma da kunne yake gane ƙarfen da ya tsage a ciki. Ya ba mu labarin ƙishirwa, yadda ake auna ruwa da murfin gora, da kwana cikin raga a rataye kamar ƙwarya a ragaya, kafaɗu a matse har gari ya waye. Gadon rataye mai firam da ake shimfiɗawa a jikin bango yanzu bai zo ba sai daga baya.

Baba yana cikin taron da ya cika filin ciyawar nan a watan Nuwamba na 1970, lokacin da Harding da Dean Caldwell suka shafe kwana 27 a Bangon Hasken Asuba na El Capitan. Hadari ya same su, abinci ya yi ƙasa, jami'ai suka shirya ceto, su kuwa suka ƙi. Sun kai ƙoli 'yan jarida na jiransu, amma sun bar huji sama da 300 a jikin dutsen. Zango ya rabu biyu. A farkon 1971 Robbins ya hau tare da Don Lauria da niyyar sare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya fara sarewa. Da ya yi nisa ya ga irin gwaninta da ƙarfin halin da aka zuba a hanyar, sai ya daina, ya ƙarasa hawan yana bin sawun abokin hamayyarsa. A wajena wannan ya fi kowane hawa da Robbins ya yi daraja. Mutum ya fito da gudumarsa yana ganin shi ke da gaskiya, ya ga hujja a gabansa, ya mayar da guduma kube. Ba kowa ke iyawa ba.

Maƙeri na biyu a labarin shi ne Yvon Chouinard. A 1957 ya sayi tsohuwar maƙera mai kwal da uwar maƙera, ya koya wa kansa ƙira, yana sayar da ƙusa daga bayan motarsa a kan dala ɗaya da rabi. Daga baya ya haɗa gwiwa da Tom Frost, injiniyan jiragen sama. Ƙusoshinsu suka zama abin da kowa ke nema. To amma taurin da ya sa ƙusar Salathé ta yi amfani, shi ne kuma ya zama illarta. Kowace bugawa da cirewa tana ɓantarar dutse kaɗan. Shekara goma ana haka a wuri ɗaya, siririyar tsaga sai ta koma jerin ramuka. Na sa yatsuna a cikin waɗannan ramuka a tsagar Serenity, na ji yadda guduma ta ci dutsen da ya shekara dubbai ba abin da ya taɓa shi.

Robbins ya riga ya ga wata dabara a Ingila, inda mahaya ke saƙala ƙananan ƙarafa a maƙogwaron tsaga ba tare da duka ba, ya gwada ta a 1967 a hanyar Nutcracker tare da matarsa Liz. A 1972 Chouinard da Frost suka fito fili suka roƙi mahaya su ajiye guduma, suka koma ƙera irin waɗannan ƙarafa da alminiyam, alhali ƙusa ce mafi yawan cinikinsu. Maƙeri ya hana mutane sayen abin da ke ciyar da shi saboda ya ga yana ɓarna. A 1973 Doug Robinson da Dennis Hennek da Galen Rowell suka hau Half Dome ba su buga ƙusa ko ɗaya ba. Baba ya ce tun daga wannan lokaci ƙusar da ke hannuna ta koma aljihu.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1975 Jim Bridwell da John Long da Billy Westbay suka hau Hanci a yini ɗaya. A 1993 Lynn Hill ta hau shi da hannu da ƙafa kaɗai, igiya tana tsaron faɗuwa kawai, abin da babu namijin da ya riga ta. A 1994 ta maimaita cikin ƙasa da awa 24. A Janairun 2015 Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson suka yi haka a Bangon Hasken Asuba cikin kwana 19. A 2018 Tommy Caldwell da Alex Honnold suka gama Hanci cikin ƙasa da awa 2, hanyar da ta ci wa Harding kwana 47.

Wani matashi a cikinmu ya tambayi Baba ko wannan gudu yana sa shi jin an rage wa aikinsu daraja. Ya girgiza kai. Ya nuna bangon da sandarsa ya ce duk inda yaran nan suka sa yatsa, wani ya riga ya tsaya a wurin cikin duhu bai san abin da ke samansa ba. Gaskiya ya faɗa. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Da magariba muka raka shi Zango na Huɗu. Wannan zango da kansa ya kusa salwanta bayan ambaliyar Janairun 1997, lokacin da aka tsara yin gine-gine a gefensa. Tom Frost, yana dattijo, ya tsaya kai da fata har kotu, kuma a 2003 aka sa zangon cikin rajistar wuraren tarihi na Amurka. Baba ya zauna a bakin wuta, matasa suka kewaye shi, ƙusar tana yawo daga hannu zuwa hannu har ta dawo gare shi.

Mutanen da ya ambata a daren nan yawancinsu ƙasa ta rufe idonsu. Salathé ya mutu a 1992, Pratt a 2000, Harding a 2002, Robbins a 2017, Bridwell da Frost a 2018. Abin da suka gadar ba tsayin dutse ba ne kawai. Sun nuna yadda ake ƙera kayan aiki da hannu, sun kuma nuna lokacin da ya kamata a ajiye su. Ni kuwa ban zauna na tambayi kakana yadda ya koyi sauraron ƙarfe ba har ya bar duniya, wannan kuwa yana ci mini rai. Mai karatu, in akwai tsohon hannu a sana'arku, maƙeri ne ko masaƙi ko maharbi, ka tashi ka ba shi wurin zama, ka yi masa sannu da zuwa, ka tambaye shi, ka rubuta abin da ya gaya maka tun yana da rai.