Isnadin Baƙin Allo: Yadda Aka Gaji Neman Iso a Wayar Iska

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya san cewa matani ba ya tahowa shi kaɗai, sai an jero sunayen waɗanda suka karɓa daga bakin waɗanda suka karɓa, har a kai ga tushe, domin ilmin da ba a san mariƙansa ba zuciya ba ta cika natsuwa da shi. Ba don in daidaita daraja ba, na daɗe ina ganin cewa 'yan layukan nan da ma'abota manhajar Linux suke bugawa a baƙin allo idan suna so su haɗa kwamfutar cinya da Wi-Fi, ba tare da linzami ko wani hoton da za a latsa ba, su ma suna da nasu isnadin. Kuma tun da na sha wahalarsu na kuma ci amfaninsu, ya zama hakki a kaina in ambaci mutanen da suka bar mana su, da zamunnan da suka yi aikin, da larurar da ta tilasta kowannensu.

Shi baƙin allon ya girmi wayar iskar kwamfuta. A shekarar 1969, a ɗakunan binciken Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina manhajar Unix, a zamanin da galibi mutum ba ya ganin abin da kwamfuta take faɗa sai a bisa takarda, domin na'urar da ake magana da ita ta cikinta tafireta ce irin ta gidan waya, wadda ake kira Teletype, kuma samfurinta mai lamba 33 ba ya wuce haruffa goma a daƙiƙa, ga madannai masu tauri, ga ƙara kamar keken ɗinki. Mutumin da yake jiran kowane harafi ya sauka a takarda ba zai so dogon zance ba, saboda haka sunayen umarni suka zo a gajarce, harafi biyu ko uku, irin su ls da cp da mv. Har wa yau kuma, shekaru fiye da hamsin bayan haka, tagar da ake buga umarni a cikinta tana amsa sunan tty, watau gutsuren sunan waccan tafireta da ta daɗe da komawa gidan tarihi. A 1983 masu aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da nau'insu na Unix ɗauke da umarnin ifconfig, wanda ake ba katin sadarwa adireshi da shi. A watan Disamba na wannan shekara kuma Mike Muuss ya rubuta ping, ya raɗa masa suna da ƙarar na'urar nan da jirgin ƙarƙashin teku yake aika sauti da ita ya saurari dawowarsa. Amma duk wannan a kan igiyar waya ake yinsa.

Masu fara raba kwamfuta da igiya mutanen tsibiri ne, kuma larura ce ta kai su. Jami'ar Hawayi tana da rassa a tsibirai dabam-dabam, babbar kwamfutarta kuwa tana tsibirin Oahu, ga hayar layin tarho da tsada, ga teku a tsakani. Sai Norman Abramson da abokan aikinsa suka yi ijtihadin aika saƙon kwamfuta ta rediyo, kuma a watan Yuni na 1971 tsarin da suka kira ALOHAnet ya fara aiki da saurin bit 9,600 a daƙiƙa. Mas'alar da ta fi wuya ita ce yadda tashoshi da yawa za su yi magana a zango guda ba tare da mai raba musu lokaci ba. Ƙa'idar da suka kafa tana da sauƙin da har mutum zai raina ta: mai magana ya faɗi maganarsa, in ya ji an amsa to ta isa, in bai ji ba to ya san ya yi karo da wani, sai ya dakata na wani ɗan lokacin da ƙuri'a ta ba shi, sa'an nan ya sake. Haka dattawa biyu suke yi idan suka buɗe baki tare a majalisa, kowa ya yi shiru, sa'an nan ɗaya ya riga ɗaya. Robert Metcalfe ya ɗauki wannan hikima a 1973 ya mayar da ita kan igiya ya kira ta Ethernet, ya ƙara mata sharaɗin sauraro kafin magana. Bayan shekaru ta sake komawa iska, inda ta fito.

Abin da ya buɗe mata ƙofa hukunci ne na hukuma. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta halatta wa kowa amfani da wasu zanguna uku na iska ba da lasisi ba, cikinsu har da na 2.4 gigahaz, wanda manyan kamfanoni ba su yi kwaɗayinsa ba domin tandun ɗumama abinci na lantarki da na'urorin asibiti da na masana'antu sun riga sun cika shi da hayaniya, har injiniyoyi suna ɗaukarsa tamkar juji. A kan wannan juji aka yi shuka. Kamfanin NCR, wanda sana'arsa ƙera injin karɓar kuɗi na kantuna, ya sa injiniyoyinsa na ƙasar Holan su nemo hanyar haɗa injunan ba tare da an fasa daɓe an binne waya ba, suka fitar da WaveLAN a 1990. Ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, shi ya shugabanci kwamitin 802.11 na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE tun daga 1990 har shekara goma, yana fama da saɓanin kamfanonin da kowannensu yake so a bi mazhabarsa, ba a sami ijma'i ba sai 1997, a kan saurin megabit biyu kacal. A 1999 aka kai megabit goma sha ɗaya, aka raɗa sunan Wi-Fi, Steve Jobs kuma ya tsaya a dandamali a New York ya zura kwamfutar iBook ta cikin zobe domin jama'a su shaida babu igiya.

Wannan ɓangaren riwayar ya shahara. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne halin da mutanen Linux suka shiga, su da manhajarsu ta taso daga hannun ɗalibi, Linus Torvalds, a Helsinki a 1991, ba ta da kamfanin da masu ƙera kati za su ji nauyinsa. Kowane kati yana bukatar direba, watau 'yar manhajar da take yi masa tafinta da kwamfuta. A farko kuma kowane direba da nasa yaren. Wani Bafaranshe mai aiki a ɗakin binciken Hewlett-Packard, Jean Tourrilhes, shi ne a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ya tsara lafazi ɗaya da dukkan direbobi za su amsa, ya rubuta iwconfig domin a faɗa wa kati sunan tashar da zai bi, da iwlist domin ya leƙa ya ga tashoshin da ke kewaye, ya kuma riƙe taskar bayanin katuna shekara da shekaru don amfanin mutanen da bai taɓa gani ba. Duk da haka kamfanoni da dama sun ƙi bayyana sirrin katunansu, direban Windows kaɗai suke sakawa a kwali. Sai masu sa kai suka bi ta hanyoyi biyu: wasu suka ƙirƙiri NDISwrapper a 2003, dabarar da take sa direban Windows ya yi zaton yana gidansu alhali yana cikin Linux; wasu kuma suka zauna suna nazarin abin da kati yake yi daki-daki, har suka rubuta masa direba daga abin da suka fahimta, kamar mai haɗa littafin da ya ɓata daga hashiyoyin da aka yi masa. Ina girmama waɗannan na biyu ƙwarai, domin galibinsu ba a biya su ko anini ba.

Sa'an nan ga mas'alar amana. Makullin farko da aka yi wa Wi-Fi, mai suna WEP, ya zo da aibi tun daga ƙira, kuma a 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya zauna a gefe yana tara saƙonnin da ke wucewa zai iya ciro mabuɗin. Zuwa 2007 masu bincike a Darmstadt ta Jamus sun karya shi cikin ƙasa da minti ɗaya. Aka maye gurbinsa da WPA a 2003, da WPA2 a 2004, amma sabon makullin yana bukatar tattaunawar da tsohon iwconfig bai iya ba. A nan ne sunan Jouni Malinen, mutumin Finlan, ya shiga silsila, da manhajarsa wpa_supplicant. Kalmar da ke ƙarshen sunan nan ma'anarta mai roƙo, kuma ban san sunan da ya fi dacewa da aikinta ba, domin abin da take yi neman iso ne: ta tsaya a ƙofar tasha ta yi sallama, a yi musafaha sau huɗu, saƙo biyu daga maigida biyu daga baƙo. Abin sha'awa shi ne a duk musafahar nan ba a furta kalmar sirri ko sau ɗaya. Tun da farko an cuɗa kalmar, wadda ba ta kasa haruffa 8 ba ta wuce 63, da sunan tashar har sau 4,096, ta zama mabuɗi mai bit 256. Sai kowane ɓangare ya jefo sabuwar lamba da bai taɓa amfani da ita ba, su haɗa lambobin da mabuɗin su fitar da mabuɗin wannan zama kaɗai, kowa ya kafa wa ɗan'uwansa hujja cewa ya san sirrin, mai laɓe a bayan danga kuwa ya ji muryoyi bai ji kalmar ba.

Ni na shigo wannan silsila ta ƙofar wahala. Na sayi wata kwamfutar cinya ta hannu, na ɗora mata Linux daga faifai, komai ya tashi lafiya in ban da katin Wi-Fi, wanda ya yi shiru kamar babu shi. Da na bincika sai na gane cewa maganin yana intanet, intanet ɗin kuwa ba za a kai gare shi ba sai da maganin, watau mabuɗin ɗaki yana cikin ɗakin da ke kulle. Na tafi shagon intanet na sayi awa ɗaya, na sauke fayil ɗin a filashi, na kwafi umarnin da biro a bayan wani littafin rubutu, ina tantance babban harafi da ƙarami, da inda aka bar tazara, kamar almajirin da ke tsoron ya sauya wasali. Bayan magariba na koma wurin aikinmu, inda akwai Wi-Fi, an ɗauke wuta, inji ne yake aiki. Na sa fayil ɗin a mazauninsa, na ta da katin, na buga iwlist wlan0 scan, allo bai nuna tasha ko ɗaya ba. Na maimaita har sau ba adadi. Dattijon da ke gadi ya leƙo ya ce, "Malam, mai ya kusa ƙarewa, zan kashe inji." Na ce, "Baba, don Allah a ƙara mini minti goma." Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Ina juya kwamfutar cikin damuwa yatsana ya taɓa wani ɗan maɓalli a gefenta, ƙarami kamar ƙwayar gero, wanda ashe shi ne yake yanke wa rediyon katin wuta. Na tura shi, wata 'yar fitila ta kama. Na sake neman tashoshi, sai ga sunan tamu da ƙarfin siginarta. Na rubuta kalmar sirri ta hannun wpa_passphrase, na aiki mai roƙo ya nemi iso, na buga dhclient domin a ba ni adireshi, sa'an nan ping. Layuka suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana shaida cewa saƙo ya je ya dawo, da gwargwadon lokacin da ya ɗauka. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har dattijon ya taso ya duba allon, ya tambaye ni ko an dace, na ce an dace, ya tafi ya kashe injinsa. A daren nan na fahimci cewa abin da hoton da ake latsawa yake dunƙulewa wuri ɗaya matakai ne mabambanta, kati ya farka, ya ga tasha, a yarda da shi, a ba shi adireshi, ya sami hanyar fita. Kuma mai buga umarni, idan abu ya ƙi, yana sanin a wane mataki ya tsaya.

Zamani ya ci gaba da sauƙaƙawa. A 2004 kamfanin Red Hat ya fara NetworkManager, wanda a yau umarninsa nmcli yake gama aikin darena duka a layi guda. A 2007 sabon tsarin direbobi mai suna mac80211 ya shiga zuciyar Linux, umarnin iw ya gaji iwconfig, har malaman fannin suna lissafa na Tourrilhes cikin mansuhi, ko da yake tsofaffin yatsu ba su daina buga shi ba. Mai roƙon Malinen kuwa bai yi ritaya ba: shi ne yake aiki a ƙarƙashin NetworkManager a yawancin kwamfutoci, shi ne kuma a cikin wayoyin Android, saboda haka mai shago a Kantin Kwari da ya sa kalmar sirri a wayarsa ya aiki wannan ɗan aike ba tare da ya san sunansa ba. A 2017 Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven ta Beljiyam ya bayyana cewa ana iya yaudarar musafahar ta hanyar maimaita saƙo na uku, aka yi gyara, WPA3 kuma ya biyo a 2018. Al'adar buga umarni ta wanzu ne a hannun masu kula da manyan kwamfutocin da ba su da fuska, da masu wasa da ƙananan alluna irin Raspberry Pi, da duk wanda manhajarsa ta lalace ta bar shi da baƙin allo da ɗigon da ke ƙyaftawa.

Littafin rubutun nan yana nan a akwatina, tawadar ta fara koɗewa. Kwanan baya ɗan ƙanena ya ɗauke shi zai bi abin da ke ciki, sai ya tsaya tun a layin farko, domin tun daga 2013 yawancin nau'o'in Linux sun daina kiran katin wlan0, suna ba shi suna gwargwadon mazauninsa a jikin na'ura. Ya ce, "Baffa, ta ce babu wannan." Na ce ya buga ip link ya tambaye ta sunan katinta tukuna. Ya buga, ta amsa masa da wlp2s0, ya ɗauki biro ya rubuta shi a gefen shafin, ƙarƙashin rubutuna.