Mata da kimiyya: Hanyar da ke gaban 'yan matan Zango

Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum uku da ke binciken kimiyya a duniya, ɗaya ce kawai mace.

A garuruwa irin su Zango, da ke masarautar Daura a jihar Katsina, wannan giɓi yana farawa ne tun kafin a kai ga maganar jami'a ko ɗakin bincike.

Zango dai na gabas da Daura, a kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma tana cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu. Akasarin mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Yarinyar da ta taso a can tana son zama likita ko injiniya, sai ta samu sakamako mai kyau a darussa biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya irin su fiziks da kemistiri, sannan ta ci jarrabawar JAMB.

Shekaru ukun babbar sakandare da ake koyon waɗannan darussa kuwa, su ne shekarun da galibi ake fara maganar aurar da yarinya a karkara.

Makarantun kwana

Kimiyya ba ta koyuwa da allo da alli kaɗai. Tana bukatar ɗakin gwaje-gwaje da sinadarai da ruwa da wuta, da kuma malamin da ya karanci fannin, abubuwan da ba kasafai ake samun su tare a makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye ba.

Wannan ne ya sa jihohin arewa suka rungumi tsarin tara ɗalibai masu hazaƙa a makarantun kwana na kimiyya.

Jihar Kano ce ta yi fice a wannan tsari, inda a 1977 ta buɗe makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin maza, sannan a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu ke cikin jihar Jigawa.

Ita ma Katsina, wadda ta zama jiha a 1987, tana da irin waɗannan makarantu na 'yan mata, ciki har da na Malumfashi da Ajiwa, da kuma ta Sandamu a cikin masarautar Daura.

Tsarin ya yi amfani ƙwarai, domin da yawa daga cikin likitoci da malaman jami'a mata na arewa ta nan suka biyo. Sai dai ya ginu ne a kan abu guda: amincewar uba ya bar 'yarsa ta kwana nesa da gida na tsawon watanni.

Wannan amincewa ce satar ɗalibai ta girgiza.

A watan Fabrairun 2018 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta Dapchi a jihar Yobe. A watan Disamban 2020 aka kwashe yara maza fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, lamarin da ya sa gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana a lokacin. Bayan watanni biyu da 'yan kwanaki, aka sace 'yan mata 279 a Jangebe da ke jihar Zamfara.

Yankin Daura bai fuskanci hare-hare kamar kudanci da yammacin jihar ba, amma rufewar ba ta bar shi ba. Kuma yarinyar da ta yi watanni a gida a irin wannan shekaru, ba lallai ne ta koma aji ba.

Waɗanda suka tsallake

Labarin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero da ke Kano ya nuna cewa aure ba ya rufe ƙofar baki ɗaya, ko da yake yana tsawaita tafiyar.

An haife ta a 1963 a Wangara, cikin ƙaramar hukumar Gezawa. Ta yi aure tana da shekara 18 bayan kammala sakandare, kuma sai da ta kai shekara 29, tana da 'ya'ya uku, sannan ta shiga jami'a, inda ta karanci fiziks har zuwa digirin digirgir.

Bincikenta ya shafi sararin samaniya da yanayi, da yadda ƙura da sare itatuwa ke sauya zafin gari, batun da manomin Zango mai fama da kwararowar hamada ya sani a aikace.

A 2015 ta samu lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier da ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Ta shaida wa manema labarai a lokacin cewa wutar lantarki ta kimanin sa'o'i huɗu a rana take samu domin gudanar da bincike.

Akwai kuma Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar tsirrai daga Kano, wadda ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021, da Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, masaniyar kemistiri daga jihar Bauchi, wadda ta shugabanci Jami'ar Abuja.

Tun kafin su, Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirin digirgir kuma ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zama mace ta farko a Afirka da ta kai matsayin farfesa a fiziks, a 1980.

Abin da ya sauya a Daura

Babban sauyin da aka samu a 'yan shekarun nan shi ne manyan makarantu sun matso kusa.

A da, wadda ta gama sakandare a Zango sai ta nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato. A 2006 aka kafa jami'ar jihar Katsina, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, sai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011.

A cikin Daura kanta, an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, kuma a watan Disamban wannan shekara aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda ke koyar da fannonin injiniya. Ga iyaye da dama, da ma mazajen aure, karatun da za a iya zuwa a dawo a rana guda ya fi sauƙin amincewa.

Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 500 a 2020 domin shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata a matakin sakandare, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara da su.

Fannin lafiya ne dai ya fi jan mata, saboda bukatar da ake da ita ta mace ta duba mace. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohin arewa, ciki har da Katsina, ya gano cewa 'yan matan karkara da yawa ba su da sakamakon kimiyyar da ake nema a makarantun jinya da ungozoma.

Don haka sai ya ɓullo da shekarar share fage, inda ake sake koya musu darussan su sake zana jarrabawa, bisa sharaɗin cewa za su koma su yi aiki a garuruwansu bayan sun kammala.