Tsibiran Niyu Zilan: Mafakar tsuntsayen da suka kusa ƙarewa

Tsibirin mafaka shi ne tsibirin da aka kawar da dabbobi masu farauta daga cikinsa, sannan aka kai tsuntsaye ko wasu halittun da ke gab da ƙarewa domin su hayayyafa. Teku ce katangarsa. Ƙasar da ta fi shahara da wannan dabara ita ce Niyu Zilan, kuma larura ce ta koya mata.

Kafin zuwan ɗan Adam, babu dabba mai shayarwa a doron ƙasar in ban da jemage. Saboda haka tsuntsaye da yawa suka daina tashi, suna yin sheƙa a ƙasa, ba su san gudun abokin gaba ba. Al'ummar Maori sun iso da ɓera wajen ƙarni na 13. Turawa suka zo da kyanwa da wasu ɓerayen, a shekarun 1880 kuma suka shigo da wata ƴar dabba mai kama da tunku don ta rage musu zomaye. Sai ta tarar tsuntsun da ba ya tashi ya fi zomo sauƙin kamu.

A 1894 aka naɗa Richard Henry mai kula da tsibirin Resolution. Ya yi shekaru yana kwasar ɗaruruwan tsuntsaye a kwalekwale zuwa can, amma wajen 1900 dabbar nan mai kama da tunku ta yi iyo ta ƙetara, aikinsa ya rushe. Tsibirin ya yi kusa da gaɓa ƙwarai. Darasi na biyu ya fi ɗaci: a farkon shekarun 1960 ɓeraye suka sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Big South Cape, suka gama da nau'in tsuntsaye biyu da jemage guda. Wani nau'in ya tsira ne kawai domin ma'aikata sun kwashe guda 36 zuwa wasu tsibirai a 1964.

Kakapo, wani aku ne mai yawon dare wanda ba ya tashi, nauyinsa kan kai kilo 4. A 1995 guda 51 suka rage a duniya. Aka tattara su a tsibirai irin su Whenua Hou, kowanne da sunansa da na'urar bin sawu a jikinsa, yau sun haura 200. Ƙaruwar tana tafiyar hawainiya ne domin ba sa ƙwai sai shekarar da itacen rimu ya yi ƴaƴa sosai, wato bayan shekara biyu zuwa huɗu. Ga kuma matsalar jini ɗaya: da yake duk dangin juna ne, ƙwai da yawa ba sa ƙyanƙyashewa.

Share tsibiri aiki ne mai tsada, kuma ba ya karɓar rabi da rabi, don ɓera mai ciki guda ɗaya ta isa ta mayar da hannun agogo baya. A 2001 jirage masu saukar ungulu suka watsa tan 120 na abinci mai guba a tsibirin Campbell mai faɗin hekta 11,300. Akwai masu sukar amfani da guba, sai dai a tsibiri mai duwatsu irin wannan tarko ba zai wadatar ba.

Yawancin waɗannan wurare a rufe suke ga jama'a. Tiritiri Matangi da ke kusa da birnin Auckland ya bambanta: gona ce a da, ƴan sa-kai suka dasa itatuwa sama da 250,000 tsakanin 1984 da 1994, yanzu baƙi na zuwa kallo. Kafin mutum ya shiga jirgi sai ya rufe jakarsa ruf, ya goge takalminsa, akwai kuma karnukan da aka horar su sunsuno ɓera. A 2016 gwamnati ta sanar da burin kawar da manyan mafarautan nan daga ƙasar baki ɗaya zuwa 2050. Tsibiran kuma sun fara yi wa kakapo kaɗan.