Daga Wutar Kara Zuwa Sola: Tarihin Hasken Dare a Ƙaraye da Rogo

Kafin zuwan Turawa, manomin ƙasar Ƙaraye da Rogo daga gonarsa yake samo hasken darensa. Auduga ake murzawa a yi lagwani, a tsoma shi a kaskon da aka zuba man gyaɗa ko man kaɗanya. Wutar kuwa da ƙyastu ake tayar da ita. A makarantun allo, almajirai ne ke yo karan dawa da yamma, bayan isha'i a hura, a kewaye ta da alluna.

Sauran hasken daga sama yake zuwa. Rana na ƙera nata ne a cikinta, inda ƙwayoyin haidirojin ke haɗewa su zama hiliyom, kuma yakan yi kamar minti 8 kafin ya iso ƙasa. Wata ba shi da na kansa, na rana yake maidowa, amma shi ke tsara daren ƙauye: in ya yi fari a fita dandali gaɗa da langa, in ya ɓuya a kwanta da wuri. Da damina ga walƙiya, ga kuma maƙesu a bakin fadama, ƙwaron da sinadaran jikinsa ke haɗuwa da iskar shaƙa su ba da haske marar zafi.

Isowar layin dogo Kano a 1911 ta sauya lissafi. Jirgi na kwasar gyaɗa ya yi kudu, ya dawo da kananzir da ashana. Daga nan acibalbal ta gwangwani ta shiga gidan talaka da hayaƙinta, fitilar ƙwai ta zama abin ado a ɗakin amarya. Haske ya ƙaru, sai dai yanzu da kuɗi ake sayensa. Asalin aikin bai canja ba: ƙananan ɓurɓushin baƙin hayaƙi ne ke ɗaukar zafi a cikin harshen wuta har su haskaka.

Ƙwan lantarkin da Thomas Edison ya kyautata a Amurka a 1879 shi ma da zafi yake aiki. Siririyar waya ce ke gasuwa har ta yi fari, kuma mafi yawan ƙarfin a zafin yake tafiya. Legas ta samu lantarki a 1896, an kammala madatsar Kainji a 1968, an kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, sannan a 2013 rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun kamfanin KEDCO. Turaku sun kai manyan garuruwa, amma rugage da ƙananan ƙauyuka da yawa sun ci gaba da dogara da kananzir da tocila.

A farkon shekarun 1990 aka gina madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, domin noman rani da ruwan sha. Daga baya, a zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnatin jihar Kano ta ƙaddamar da aikin samar da lantarki daga nan da kuma madatsar Tiga.

Abin da ya kori acibalbal daga ɗakuna, daga Japan ya faro. Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura ne suka samar da shuɗin ƙwan LED, wanda ya buɗe hanyar farin haske mai cin wuta kaɗan, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, sai fitilun caji da ƙananan farantan sola suka cika kasuwannin ƙauye.

Yau mai shayi da mai tsire da malamin tsangaya na iya tara hasken darensu tun da rana a kan rufin kwano. Sai dai faranti da batir galibi daga waje ake shigo da su, saboda haka farashin dala ne ke yanke wa magidanci a Rogo ko fitila nawa zai iya kunnawa.